Gefen Gabas na Gonar Uwani

Litinin, 9 ga Mayu 1938, bayan la'asar

Mun dawo daga Tibiri, bakina ya bushe ƙamas. Kumandan, Banasaren da ke mulkinmu, ya ɗauko wata sabuwa: so yake ya san yadda mutanen ƙasar nan ke hukunta mai laifi tun kafin zuwan Nasara. Dattawan Tibiri kuwa sun iya zama da mai mulki. Duk abin da ya tambaya, "ranka ya daɗe, haka ne" kawai suke ba shi. A mota ya juyo ya ce mani, "Ilyasu, kai tafinta ne ko katanga? Kai ma ba ka san komai ba?" Abin ya sosa mani rai, wallahi. Sai na ba shi labarin Jiratawa, garin su innata Tasalla, Allah ya ji ƙanta.

Na ce mashi can cikin Anna, manoman da ke bin tsafin kakanninsu, bara waccan da kaka wani Maidawa ya yi faɗa da maƙwabcinsa Rabo kan iyakar gona. Ya ɗaga ƙotar hauya sau ɗaya. Rabo bai sake tashi ba. Shi kaɗai ne ɗan wata tsohuwa, Uwani. Dattawa suka yanka baƙin bunsuru suka wanke ƙasa, sannan suka yanke cewa Maidawa zai noma gonar Uwani damina bakwai, ba ya taɓa tasa sai ya gama tata, kuma daga hannunta zai riƙa karɓar furar gona. Bara ya yi ta farko, rumbunta ya cika.

Kumandan ya ji daɗin labarin sosai. Ya tambayi sunaye, na faɗa mashi. Har sigari ya ba ni.

Matata Atika ta ce tun da na shigo gida nike ta murmushi kamar wanda aka ɗaura wa aure.

Laraba, da hantsi

Gado, babban gardi, shugaban dogaran Kumandan, ya fita da gardawa biyu tun asuba. Sun bi hanyar Jiratawa.

Laraba, da magariba

Sun kawo Maidawa da igiya a ƙugu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da ƙasar gona har gwiwa. Taki suka iske shi yana watsawa. Ban fita ba, ta tagar biro, ofishinmu, na gani.

Ni dai tambayata aka yi.

Juma'a, bayan masallaci

Na tare Malam Sha'ibu, wanda ke zama gefen Kumandan ranar shari'a don ya faɗi abin da littafi ya ce. Na tambaye shi, wai a ganinsa mutumin nan an hukunta shi ko ba a hukunta shi ba?

Ya gyara rawani ya ce, "Malam Ilyasu, a shari'a jini na magada ne. In sun so su nemi rai, in sun so su karɓi diyya, in sun so su yafe. Tsohuwa ta zaɓi gumi, ban ga laifinta ba." Na ji sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa bunsurun nan da suka yanka wa ƙasa, subhanallahi, ba ni sa bakina cikinsa."

Na ce to ranar shari'a wanne zai faɗa, na farko ko na biyu? Ya ce wanda aka tambaye shi. Ya shige zaure ya bar ni tsaye da takalmana a hannu.

Asabar, da azahar

Gado ya shigo biro yana dariya. Ya ce uwar ɗan kason nan da aka kulle a kurkuku ta zo da ƙafa tun daga Jiratawa, ta kawo mashi fura, amma bai taɓa ganin uwa irinta ba: ta miƙa ƙwarya ta juya fuska, ko sannu ba ta ce mashi ba. Na leƙa. Na ce, "Gado, ba uwarsa ba ce. Uwar wanda ya mutu ce."

Dariyar ta tsaya. Ya ruga zai ƙwace ƙwaryar, wai ko sammu ne a ciki. Tsohuwa ta karɓa ta kurɓa a gabansa, ta mayar wa Maidawa. Ta ce, "In na kashe shi, wa za ya yi mani shuka? Kai?"

Da na matso ta ƙura mani ido ta ce, "Kai ba ɗan Tasalla ba ne? Goshin nan nata ne." Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "To madalla, ashe muna da mutum a ciki. Shiga ka ce ma Nasaran ya ba ni abina. Hadari ya fara tasowa."

Abinta. Haka ta ce.

Lahadi, da safe

Atika ta kawo Uwani gida ba tare da ta shawarce ni ba. Ta ce ƙawar uwata ba ta kwana ƙofar kaso ina da ɗaki.

Tsohuwar ta zo da kayanta ƙulli ɗaya, da zangarniyoyin gero na iri ɗaure cikin tsumma, wai in ta bar su can ɓeraye za su gama da su. Yanzu haka tana tsakar gida tana murza su a faifai. Ina jin ƙarar daga nan, shaf, shaf, ba ta tsayawa.

Talata, bayan tashi daga biro

Na yi ƙarfin hali na yi wa Kumandan magana. Na ce mutanen sun riga sun gama shari'arsu, kuma wadda aka yi wa ɓarnar ce da kanta ke neman a sake shi.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya aje alƙalami ya ce, "Ilyasu, da tsohuwar nan ta ce a yanka shi, sai in ba ta? In mai kisan yana da shanu, sai ya aiko bara ya yi noman a madadinsa, ko ba haka ba? Kuma mutum ya yi wa wani aiki shekara bakwai ba lada, ba shi da ikon tafiya, da can me kuke kiran wannan?" Na san sunan. Kakata ta wajen uba a kasuwa aka saye ta.

Ya ce wanda ya kashe mutum ba uwar kaɗai ya yi wa laifi ba, kowa ya yi wa, har wanda bai san Rabo ba. Dole hukunci ya zama ɗaya ga mai ƙarfi da maras ƙarfi, daga nan har Damagaram.

Na fito ina cewa a raina gaskiya ya faɗa. Na iso gida na iske Uwani tana auna iri da tafin hannu, sai na ji gaskiyar tasa ta zube. Na koma ɗaki, ta sake dawowa. Kai, ni Ilyasu!

Laraba

Ba ruwa. Gabas ta yi baƙi ta watse.

Alhamis, da la'asar

'Yan kaso su ke ɗebo ruwa daga rijiya su ba lambun Kumandan. Yau na ga Maidawa da tulu a kafaɗa yana bin layin ganyen salati, irin na Nasara. Uwani na zaune bayan shinge tana kallo. Ta ce mani, "Ɗan Tasalla, wannan ganyen na wa ne?" Na ce na Kumandan. Ta ce, "Shi ma ɗansa aka kashe?"

Gado na kusa, ya ce, "Iya, ba don ganye ake kawo su ba. Don mutane su gani ne. Duk wanda ya wuce ya ga ƙato da igiya, gobe in ya ɗaga ƙota sai ya tuna." Ta ce, "A Jiratawa ma ana gani. Kowa za shi gona sai ya bi ta tawa."

Gado ya sosa ƙeya ya ce shi dai aikinsa igiya.

Asabar, da hantsi

An aike ni kaso in ɗauki maganar Maidawa kafin shari'a. Na je da niyyar in kwantar mashi da hankali, in ce muna ƙoƙari a mayar da shi gida. Da na faɗa, sai ya ɗago ido ya kira ni yadda suke kiran ma'aikatan biro, ya ce, "Mushe, kada ku wahala."

Na ce me yake nufi?

Ya ce, "Nan ina barci. Gardi ya zage ni, ya buge ni, in kwanta. Bai san Rabo ba, ni ma sai in manta. Can fa? Ka san yadda ake shuka. Ina gaba ina sara da sungumi, tana bayana tana zuba iri tana rufewa da diddige. Tun fitowar rana har ta take. Ba ta zagi, ba ta kuka. Numfashinta kaɗai nike ji a bayana. In na kai gindin gawon nan na gefen gabas, inda abin ya faru, sai ta tsaya, ni ma in tsaya, sai ta ga dama mu wuce. Da rana ta ba ni fura a ƙwaryar Rabo. Wallahi, Mushe, bulala ta fi sauƙi."

Ban san abin da zan rubuta ba. Kumandan na ganin ya tsamo shi daga bauta ya sa shi cikin hukunci na gaskiya, shi kuwa hutu ya samu. To wanne ne hukuncin? Wanda ya fi zafi, ko wanda aka yi da hatimi? In kuwa zafi ake nema, ni da nike ta roƙo a sake shi, taimakonsa nike ko ƙara mashi?

Da zan fita ya kira ni. Ya ce, "Ta gyara irin?" Na ce ta gyara. Ya ce, "Ka ce mata kada ta sa na bara waccan, ƙwari sun taɓa shi."

Lahadi, bayan azahar

Na faɗa wa Uwani saƙon iri. Ta ce ta sani, ba shi zai koya mata ba. Amma na ga ta ware wani ƙulli gefe.

Ban faɗa mata sauran ba.

Atika ta same ni a zaure ta ce, "Wai kai me ke cin ka? Tuwo ka bari, gaisuwar tsohuwa ma a tsaye kake yi ka gudu." Na ce aiki ne. Ta ce, "Aiki dai." Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce ita a ganinta duk surutu ne, da Nasara da malamai da Anna: mutane in an yi ɓarna tsoro ke kama su, sai sun ga an yi wa wani wani abu kafin su iya barci. Na ce to ai an yi. Ta ce, "An yi sau biyu ma. Wa ya yi barcin?"

Tambayata fa aka yi. In shugabanka ya tambaye ka, sai ka yi mashi ƙarya?

Talata, ranar shari'a, da yamma

Bari in rubuta.

Maidawa bai musa komai ba. Aka tambayi Malam Sha'ibu ko al'ada ta san a wanke kisa da yankan bunsuru. Ya ce shi littafi bai san wannan ba. Ba a tambaye shi ɗayar, ta haƙƙin magada, ba, bai kuwa faɗa ba. Na dube shi, yana duban tasbaharsa.

Sai Uwani ta miƙe ba wanda ya kira ta. Gado zai zaunar da ita, Kumandan ya ce a bar ta. Duk abin da ta faɗa na juya shi yadda yake, ban rage ba, ban ƙara ba, wannan kam Allah ne shaida.

Ta ce, "Ni ba yafewa na yi ba, kada a ce na yafe. Ba ni ƙaunar ganin shi. Amma hannun da ya ɗauke mani mai noma, shi za ya yi noman. Saura damina shida. Ku ba ni shi, in ya gama ku ɗauka ku yi abin da kuke so."

Kumandan ya amsa a hankali, har da girmamawa. Ya ce ya ji zafinta, amma jinin Rabo ba nata ba ne ita kaɗai, na doka ne.

Na juya mata. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce, "Doka. Ina take ranar da muka rufe shi? Ban gan ta wurin makoki ba. In ɗanta ne, ta zo ta yi mani shuka mana."

Na juya wannan ma. Wani ya yi dariya a baya, Gado ya daka tsawa. Kumandan ya yi ja har kunne, ya daɗe yana duban takarda. Na rantse na ɗauka zai sake shi. Sai ya ce shekara biyar, a kason Damagaram, kuma ya sassauta ne saboda ba da niyya aka yi ba.

Da bakina hukuncin ya fito da Hausa. Kowa ni ya kalla.

Laraba

Uwani ba ta ci komai ba. Ni ma. Iska mai ƙamshin ruwa ta taso daga gabas, ta wuce.

Juma'a, da hantsi

Kamyon Damagaram, babbar motar kaya, ya zo. Aka fito da su su huɗu. Maidawa na tafe kansa a ƙasa, amma fuskarsa a sake, kamar wanda ya sauke kaya. Na ji haushinsa, ban san dalili ba.

Uwani ta ratsa gardawa ta tsaya gabansa. Karo na farko da na ga ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Maidawa." Ya ce, "Na'am, Inna." Ta ce, "Shekarun Nasara nasu ne, ban san su ba. Nawa shida ne, ko ɗaya ba ta ragu ba. Ka gama nasu ka taho."

Na zaci zai ji nauyi. Sai ya durƙusa cikin ƙasa yana kuka irin na yara, da majina da komai. Ya ce, "In na dawo na iske ba ki fa?" Ta ce, "Ba ni mutuwa sai ka gama." Ya ce, "To, Inna. To." Yana ta faɗin to har aka cusa shi cikin kamyo.

Mutumin da ya ce mani bulala ta fi sauƙi! Kukan baƙin ciki ne, ko na murna don har yanzu akwai inda ake jiransa? Na tambayi Gado, ya ce shi ya ga masu kuka da yawa, bai taɓa tambayar su iri ba. Amma na lura bai ɗaure igiyar da ƙarfi ba.

Uwani ta koma Jiratawa da azahar. Ta yi wa Atika godiya. Ni ta ce mani, "Ka yi ƙoƙari, ɗan Tasalla." Da ma zagina ta yi.

Asabar, da asuba

Ruwa. Kamar da bakin ƙwarya, har tsakar gida ta cika.

Lahadi, da magariba

Na ari sungumi wurin maƙwabci na tafi Jiratawa. Atika ba ta tambaye ni ina za ni ba, ta dai ƙulla mani ƙuli-ƙuli.

Duk fadamar Gulbi ta cika da mutane biyu-biyu, mai sara a gaba, mai iri a baya. Gonar Uwani kaɗai ke da mutum ɗaya. Sai ta sari layi guda, ta aje sungumi, ta dawo farko ta ɗauki ƙwarya ta bi tana zubawa. Tana kaiwa ƙarshe ta dafa ƙugu ta huta. Rana ta yi sama, abin da ta yi bai kai faɗin zaurena uku ba.

Na tuɓe riga na ce, "Inna, kawo in yi maki saran, ki bi ni." Ta ce to, nan tsakiya, ta gode. Muka yi har azahar. Hannuna ya yi bororo ya fashe, rabona da sungumi tun ina yaro. Ina jin numfashinta a bayana. Sau biyu na so in faɗa mata ni na ba Kumandan labarin, na fasa.

Da muka gama tsakiya na nufi gabas, wajen gawon. Nan ne ƙasar ta fi kyau, baƙa, ga takin da Maidawa ya watsa yana nan. Ya fi rabin gonar. Na ɗaga sungumi.

Ta ce, "Aje."

Na ce, "Inna, nan ne abincin yake. Wancan da muka yi ba zai kai ki rani ba."

Ta ce, "Kai ka kashe Rabo?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To aje. Nan nashi ne. In wani ya noma, ya dawo ya iske me?"

Na tsaya da sungumi a hannu kamar wawa. Ta zauna gindin gawon ta kwance ƙullin fura. Ƙwarya biyu ta zo da su. Ta zuba mani a ɗaya, sabuwa. Ɗayar, tsohuwa mai ɗinki a baki, ta goge ta da gefen zane ta mayar cikin tsumma.

Hatsin ba zai kai ta ba. Na sani, ita ma ta sani.

Litinin, da hantsi

Kumandan ya ga hannuna ya tambaya, na ce faɗuwa na yi. Yana cikin fara'a yau. Ya jawo takarda ya ce yanzu saura sata: yaya Anna ke yi da wanda ya fasa rumbun wani?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Ya ce, "Katanga."

Na ce, "Haka ne."